Wuta Gefe, Kifi Gefe: Sha'anin Iska da Hayaƙi a Tandar Banda

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin madatsar ruwa ta Zobe da hantsi, lokacin da masunta suka fito da kamun dare, ya san yadda ake tsere da rana. Tarwaɗa tana da ɗan taurin rai, amma ƙarfasa ba ta jiran kowa. Abin da ba a sayar ɗanye ba, sai a yi masa banda kafin ya juya. Tun da aka kammala wannan madatsa a kan kogin Karaduwa a shekarar 1983, kifi ya zama abin neman abinci a ƙasar Dutsin-Ma, amma hanyar bandarsa ba ta sake wani abin kirki ba. A raba gangar mai biyu, ko a gina ɗan zagaye na laka, a hura wuta a ƙasa, a ɗora ragar ƙarfe a bisa, a jera kifi, sa'an nan a rufe da tsohon kwano ko kwali. Hayaƙi ya turnuƙe, mai banda yana tari yana hawaye, kifi ya fito baƙi ƙirin. A wurin mutane da yawa, wannan baƙin shi ne shaidar banda ta yi kyau.

Wannan fahimta tana bukatar gyara. Abin da yake busar da kifi shi ne iska mai zafi wadda take ratsawa ta kansa ta fice da ruwan jikinsa. Hayaƙi ɗan rakiya ne, kaɗan daga cikinsa ya isa ya ba da ƙanshi da launi. Saboda haka tandar da ta fi dacewa da masu banda na Dutsin-Ma da mahautan Kurfi ita ce wadda wuta take ɗakinta, kifi ko nama yake ɗakinsa, kuma aka ja wa iska hanya guda ɗaya tak tun daga bakin murhu har zuwa kan bututun hayaƙi.

Wannan ba baƙuwar dabara ba ce a ƙasar Hausa. Mai tsire ya riga kowa saninta. In aka lura da tukuba, za a ga wuta a tsakiya, tsinkunan tsire kuwa an kafa su a kewaye, sun ɗan karkata. Zafi yana isa ga nama daga gefe, mai yana ɗiga a kan toka, ba ya faɗawa cikin garwashi. Haka kuma mutanen Maraɗi suke yi wa ragon layya: a buɗe shi a kan itatuwa, a kafa a gefen wuta, a bar shi yana ƙyafewa a hankali. Abin da ya rage kawai shi ne a ɗauki wannan hikima ta tukuba a yi mata rufi da bututu.

A jihar Teksas ta Amurka, inda gashin naman shanu a cikin hayaƙi ya zama sana'a babba, irin wannan tanda suke ƙerawa da ƙarfe mai kauri. Siffarta mai sauƙi ce. Babbar ganga tana kwance, a cikinta ake jera nama. A gefe ɗaya an manna ƙaramin akwatin wuta, an saukar da shi ƙasa kaɗan da gangar. A ɗaya gefen an kafa bututu yana kallon sama. Babu fanka, babu inji. To, mene ne yake jan zafi ya bi ta gefe, alhali kowa ya san zafi sama yake tashi?

Abin da yake jan iska

Amsar tana cikin littafin kimiyyar lissafi na ajin sakandare. In iska ta yi zafi takan buɗe, nauyinta ya ragu. Lita 1,000 ta iska a zafin digiri 25 na ma'aunin santigired tana da nauyin kilo 1.18. In aka ɗumama ta zuwa digiri 120, nauyin lita 1,000 ɗin zai koma kilo 0.90. Wato iskar da take cikin bututu ta fi ta waje rashin nauyi, saboda haka ta waje takan turo ta daga ƙasa, ta kutsa ta bakin murhu, ta cikin bututu kuma ta fice ta sama. Muddin bututu yana da zafi, wannan kewaye ba ya tsayawa.

Ɗalibi yana iya lissafa ƙarfin wannan ja da kansa. A ɗauki bambancin nauyin nan, wato 0.28, a ninka da tsawon bututu, a ce mita 1, a sake ninkawa da 9.8 na jan ƙasa. Abin da zai fito bai kai faskal 3 ba. Domin a gane ƙanƙantar wannan adadi, daidai yake da dannin da fallen takarda uku ko huɗu suke yi wa tebur in an shimfiɗa su a kansa. Da wannan ɗan ƙarfi ne tanda duka take numfashi. Shi ya sa ƙaramar ɓaraka a bakin murfi takan lalata aiki: iska mai sanyi ta shiga ta nan, ta bi gajeriyar hanya zuwa bututu, wutar da take can gefe kuma ta rasa mai jan ta. Shi ya sa kuma bututu mai tsawo ya fi gajere ja, kuma faɗinsa yake da muhimmanci fiye da yadda ido yake nunawa. Bututu mai faɗin santimita 10 yana da hanyar da ta ninka ta mai santimita 5 sau huɗu, ba sau biyu ba.

Akwai kuma maganar iskar gari. Iska mai gudun mita 5 a daƙiƙa ɗaya, wadda ba a ɗauke ta bakin komai ba a lokacin hunturu, tana danna abin da ta buga da ƙarfin da ya kai faskal 15, wato ya ninka jan bututu sau biyar. In ta bugi bakin murhu kai tsaye, wuta ta tashi da hauka ta cinye itace. In ta bugo daga wajen bututu, hayaƙi ya koma baya ya fito wa mai banda a fuska. A ƙasar Katsina iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina kuwa daga kudu maso yamma. Mai ginin tanda na dindindin sai ya san wannan tun kafin ya aza tubalin farko, ya kuma tanadi ɗan zana ko katanga da za ta tare wa bakin murhu.

Wanda yake shakkar wannan bayani ya ɗauko fitilar ƙwai. Tana da ƙananan huji a ƙasa, tana da mafita a sama, ƙwan kuma shi ne bututunta. A toshe hujin ƙasa, nan take harshen wuta zai yi ja, ya soma hayaƙi, ƙwai ya yi baƙi. A buɗe, ya koma fes. Tanda babbar fitilar ƙwai ce da aka kwantar.

Hayaƙi iri-iri ne

Itace ba ya kamawa da wuta kai tsaye. Zafi yakan fara korar ruwan da yake cikinsa, sa'an nan ya farfasa sinadaran jikinsa su fito a matsayin tururi mai cin wuta. Wannan tururi shi ne yake ci ya zama harshe, in ya sami isasshen zafi da isasshiyar iskar oksijin. Oksijin kuwa kashi 21 ne kawai cikin 100 na iskar da ake shaƙa, saboda haka kilo ɗaya na busasshen itace yana bukatar iska wajen lita 5,000 kafin ya ƙone sarai, wato cikin gangar mai sau 25. In iskar ta gaza, tururin nan ba ya ƙonewa. Sai ya fito a matsayin farin hayaƙi mai kauri, mai yaji a ido, cike da kwalta da kunkunniya. Duk farin hayaƙin da aka gani yana tashi daga wurin banda, itace ne wanda aka saya da kuɗi yake tafiya sama ba tare da ya ba da zafinsa ba.

In wuta ƙarama ce, mai harshe, tana samun iska yadda take so, hayaƙinta yakan zama siriri mai ɗan shuɗi, har da ƙyar ake ganinsa. A cikinsa ne ake samun sinadaran da ake kira finol, waɗanda suke fitowa daga liginin, wato abin da yake ba itace taurinsa. Su ne masu ƙanshin banda, suna kuma taimakawa wajen hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa da hana man kifi yin wari. Ɗanyen itace ba zai taɓa ba da irin wannan hayaƙi ba, domin kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma wuta takan ƙare ƙarfinta wajen tafasa wannan ruwa. Busasshen itace mai tauri irin su marke da ƙirya ya fi dacewa, ko da yake waɗannan itatuwa sun yi ƙaranci a dazuzzukan Katsina, abin da ya ƙara sa ɓarnar itace ta zama abin damuwa. Totuwar masara busasshiya tana iya taimakawa. Leda da roba da tsohuwar taya da katako mai fenti kuwa ba su da gurbi a wurin da ake sarrafa abin da mutum zai ci, ko da don tayar da wuta ne.

A nan ne mafi yawan masu ƙera tanda suke yin kuskure, kuma kuskure ne mai kama da hankali. In zafi ya yi yawa, ko an ga hayaƙi yana ficewa, sai a rufe bakin bututu, wai don kada hayaƙi ya tafi a banza. Sakamakon haka wuta ta shaƙe, hayaƙi ya yi kauri, ya kwanta a kan kifi ya ba shi ɗaci. Ƙa'idar ita ce a bar bututu a buɗe, a sarrafa zafi da yawan itacen da ake sawa, sa'an nan da 'yar ƙofar shigar iska ta bakin murhu. Wanda yake son ƙaramin zafi ya hura ƙaramar wuta. Babbar wuta da aka shaƙe ba ta zama ƙarama, gurɓatacciya take zama.

Ga mai bandar kifi, buɗe bututu ya fi zama wajibi fiye da mai gashin Teksas. Ba'amurke yana son namansa ya fito da laushi a ci a ranar, shi kuwa mai banda so yake kifi ya bushe ya yi makonni bai lalace ba. Ɗanyen kifi kilo 10 yana ɗauke da ruwa kimanin lita 7 da rabi. Kafin ya bushe yadda za a iya ajiye shi, sai wajen lita 7 ta fita. Kowace lita ɗaya ta ruwa in ta zama tururi takan cika wurin lita 1,700. Wato kifi kilo 10 zai fitar da tururin da zai cika gangar mai kusan sau 60. In an rufe bututu, ina wannan tururi zai tafi? Zai taru a jikin murfi, ya haɗu da kunkunniya, ya ɗigo wa kifi baƙin ruwa. Kifin zai yi baƙi a waje, cikinsa da danshi, bayan 'yan kwanaki ya yi fumfuna ko tsutsa. Da yawa daga cikin asarar da ake ɗora wa ƙwari da zafin gari, a bakin tanda ta samo asali.

Maganar ba ta tsaya ga ɗanɗano da asara ba. A shekarar 1775 wani likita a Landan mai suna Percivall Pott ya lura cewa masu sharar bututun hayaƙi na gidaje suna yawan kamuwa da wani irin ciwon daji, ya kuma danganta abin da kunkunniya. A shekarar 1933 masana a Ingila suka ware ɗaya daga cikin sinadaran da suke haddasa wannan, wanda ake kira benzofairin. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sanya shi a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Wannan sinadari da danginsa suna samuwa a duk inda abu ya ƙone bai ƙone sarai ba, musamman in mai ya ɗiga a kan garwashi ya tashi da hayaƙi ya koma jikin abinci. Tarwaɗa kuwa kifi ce mai mai. Tun daga shekarar 2014 Tarayyar Turai ba ta yarda da kifin banda wanda benzofairin ɗinsa ya wuce maikurogiram 2 a kowane kilo ba. Ba a ce wanda ya ci miyar busasshen kifi yau zai kwanta gobe ba. Haɗarin yana taruwa ne a hankali cikin shekaru, kuma wanda ya fi kowa shaƙar hayaƙin shi ne mai bandar da iyalinsa. In wuta tana gefe, mai sai ya ɗiga a cikin faranti a zubar, ba ya komawa wuta.

Wasu ƙasashen Afirka ta Yamma sun riga sun bi wannan hanya. A Gana, a shekarar 1969, aka fito da tandar Cokko, wadda ta ɗauki sunan wata unguwar masunta a birnin Ankara. Ana jera faifayen raga a kan juna su zama kamar bututu, ta kuma rage cin itace ƙwarai, amma da yake wutarta tana ƙarƙashin kifi, matsalar mai da hayaƙi ba ta kau ba. Daga baya, wajen shekarar 2008, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tare da wata cibiyar horar da masana kifi a Tiyaroi ta ƙasar Senigal suka ƙera wata tanda mai farantin tare mai, wadda kuma ake samar da hayaƙinta a wani akwati dabam.

Ƙarfe ko laka?

Mai walda a Dutsin-Ma yana iya haɗa tanda mai murhu a gefe cikin kwana ɗaya ko biyu. Gangar mai mai cin lita 200 ta zama ɗakin kifi. Ɗakin wuta ya kasance kimanin kashi ɗaya cikin uku na girmanta, yadda masu ƙera irin wannan tanda suka saba yi. A saukar da shi ƙasa, yadda zafi zai hau ya shiga ganga ta ƙarƙashin raga. A ɗora itace a kan 'yan sandunan ƙarfe domin iska ta shiga ta ƙarƙashinsa, toka kuma ta zube. Bututu mai faɗin santimita 10 da tsawon mita ɗaya zai yi wa ganga ɗaya, amma a huda masa hanya daidai tsayin raga. In aka huda a can saman ganga, iska mai zafi za ta bi rufi ta fice ba tare da ta taɓa kifi ba. A bakin hanyar da ta haɗa ɗakunan biyu a sa ɗan fallen ƙarfe ya karkatar da zafi ƙasa, don kada kifin da yake kusa da wuta ya ƙone na nesa yana ɗanye.

Gangar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko wani sinadari da ba a sani ba, a rabu da ita. Wadda aka zuba fetur tana iya fashewa a hannun mai yanka in ba a wanke ta an cika ta da ruwa ba. Kwanon rufi mai rufin tutiya yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi in ya sha wuta. Kuma kada a kafa tanda a cikin ɗaki, domin iskar kabon-monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, tana kisa.

Sai dai kwaikwayon tandar Amurka ƙarfe da ƙarfe ba shi ne ya fi ba. Nasu ƙarfen mai kauri ne, yana riƙe zafi. Gangar mai kuwa sirara ce, zafi yana fita ta jikinta ta ko'ina, balle da asubar hunturu. Wanda ya yi tandar ganga tsirara zai iya tarar da ta fi tsohuwar hanyarsa cin itace, ya kuwa yi watsi da ita, kuma yana da gaskiya. Maganin wannan yana ƙarƙashin ƙafarsa. Laka da aka cuɗa da ciyawa ba ta barin zafi ya wuce da sauri, in kuma ta ɗauki zafi takan daɗe tana mayarwa. Masu gidan burodi sun san haka, shi ya sa tandarsu ta ƙasa take gasa burodi bayan an kwashe wuta. A gina ɗakin wuta da tubali, a lulluɓe ganga da laka, ko a gina ɗakin kifin ma da ƙasa a bar wa mai walda ƙofa da raga da bututu kawai. Magina na Kurfi da Dutsin-Ma waɗanda suke iya ɗaga rumbu ba za su kasa wannan ba.

Akwai hanzari guda biyu da masu banda za su kawo, kuma ba na wasa ba ne. Na farko, tandar gefe tana bukatar a tsaya a kanta, ana sa itace kaɗan-kaɗan, ana juya faifaye, alhali tsohuwar hanya a zuba itace ne a rufe a tafi wata hidima. Wannan gaskiya ne, kuma wanda yake da kwando goma na kifi a ranar da kamu ya yi albarka zai bukaci tanda fiye da ɗaya. Na biyu ya fi wuya. Kifin da ya fito daga tandar gefe ruwan zuma yake yi, ba baƙi ba, mai saye kuwa ya saba da baƙi, yana iya cewa wannan bai ji wuta ba. Ba a sake wa kasuwa ido da lacca. Sai an ajiye kifi iri biyu wuri ɗaya, an ga wanda ya riga lalacewa, an kuma ɗanɗana miyar kowanne.

Wannan aiki ne da makarantu za su iya. Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya tun shekarar 2011, tana da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, ga kuma makarantun sakandare a nan da Kurfi waɗanda ɗalibansu suke haddace dokokin zafi da iska ba tare da sun taɓa auna ko ɗaya ba. Kayan gwajin ba su wuce ganga biyu, da bututu uku masu tsawo dabam-dabam, da ma'aunin zafi, da sikeli ba. A raba kifi gida biyu daidai, ɗaya a tsohuwar tanda, ɗaya a sabuwa. A auna itacen da kowace ta ci. A auna kifi kafin da bayan banda, a san ruwan da ya fita. A riƙa farin faranti a bakin bututu na minti ɗaya, sau ɗaya da ƙofar iska a buɗe, sau ɗaya a rufe, a kwatanta baƙin da ya kama. Sa'an nan a rataye kifin a inuwa, a riƙa dubawa kullum ana rubutawa. A ranar da za a buɗe sakamako, a gayyato masu banda daga bakin Zobe da 'yan mahauta daga kasuwa, a ba su faranti su riƙa da hannunsu.